Ajiyar Murya

Litinin, da hantsi

Tun bara na ji maganar nan, a shagon mai aski, yana riƙe da haɓata kamar shi ya saya. Wai an ƙirƙiro wani abu a intanet da zai saurari mutum, ya kwashe muryarsa, ya riƙa magana da ita. Wai kwaikwayon ya kai idan abin ya yi magana daga falo, matar mutum za ta amsa daga kicin ba ta ko waiwayo ba. Na ce masa, "Kai dai kula da kunnena, kana aski kana zuba." Mutumin da ya taɓa rantse mini kifi ya fito ta famfon gidansu, ba shi zan bi ba a kan ilimin zamani. Na ƙara da cewa ko an yi irin wannan na'ura, ba dai matata ba. Macen da ke gane tarina a cikin taron jama'a, waya ce za ta ruɗe ta?

Yau likita ya maimaita mini maganar, kuma shi ba ya dariya.

Ba zan rubuta sunan abin da suka gani a maƙogwarona ba. Yana da suna, dogo, 'yata Auta ta ajiye shi a wayarta. Ni baƙo nake ce masa. Likita ya ce ƙarshen wata za su fitar da baƙon, kuma idan zai fita, da muryata zai tafi. Na tambaye shi, dushewa za ta yi? Ya ce a'a, Baba, tafiya za ta yi. Sai ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Ya ce akwai shafin da mutum ke ajiye muryarsa kafin aiki. Bayan aiki sai ka rubuta abin da kake so a waya, ita kuma ta faɗa da muryarka.

Ni da na ƙare ƙuruciyata ina shela a tashar jirgin ƙasa, ni ake gaya wa waya za ta yi mini magana.

Gwamnati tana gefe tana nannaɗe bakin mayafinta. Matata ke nan. Tun shekarar aurenmu ta karɓi mulki, ba a sake zaɓe ba. Muka dawo gida.

Na sha ruwan ɗumi.

Talata, bayan la'asar

Auta, 'yata ta ƙarshe, ta biyo daga kantin maganin da take aiki, da kwamfuta a jaka. Ta share teburin cin abinci, ta ture gwangwanin sukari gefe, ta ce, "Baba, zauna, yau za mu buɗe maka wuri."

Abu na farko da shafin ya nema shi ne in tabbatar masa ni mutum ne. Na ce, "Auta, tambaye shi, shi ɗan gidan wane ne?" Ya jero mini hotuna, wai in danna duk inda na ga fitilar kan titi. Na danna. Ya ce ban ci ba. Ashe ƙarfen da ke riƙe da fitilar ma fitila ne. Na sake, na haɗa da ƙarfen, ya ce na yi yawa. Da furfurata na faɗi jarrabawar zama mutum, a gaban 'yar da na haifa. Ita ta shigar da ni da nata hannun, wato dai yanzu a bisa shaidar Auta nake mutum.

Sai kalmar sirri. Na ba shi sunan kakata. Ya ce ba ta da ƙarfi. Kakata! Matar da ta taɓa korar ɓarawo da tsintsiya, wadda in ta fara tatsuniya yaran maƙwabta ke manta gidajensu. Sai da muka ɗaura mata lambobi da wata alama kamar ƙugiya kafin ya yarda da ita.

A ƙarshe ya sa na faɗa da bakina cewa na amince a ajiye muryata. Na faɗa. Wani jan ɗigo ya yi ta ƙiftawa yana kallona.

Laraba, da safe

Yau aka fara ɗauka. Na yi wanka, na sa rigata mai kyau, na shafa turare. Gwamnati ta ce, "Malam, murya za su ɗauka, ba ƙamshi ba." Na ce mutum ba ya zuwa gaban makirufo da rigar barci, ita ba za ta gane ba.

Jimloli shafin ke kawowa in karanta. Kwalbar tana kan tebur. Yaron ya rufe taga. Gobe za a yi ruwa. Ko gishiri babu a cikinsu. To, ni kuwa na san aikina. Na miƙe tsaye, na mayar da hannu ɗaya baya, na buɗe ƙirji yadda aka koya mana a tasha: kowace kalma a ja ta har ta kai ƙarshen dandamali, inda mai kwando da mai akwati ke jira. Kwalbar nan ba a taɓa sanar da ita da daraja irin ta yau ba.

Kafin azahar muryar ta fara karcewa. Yanzu haka take, da safe tawa ce, da rana ta baƙo.

Na sha ruwan ɗumi.

Alhamis, da azahar

Na rubuta sunan baƙon a wurin bincike na intanet. Bai kamata ba.

Asabar, da yamma

Saƙo ya zo, wai muryata ta kammala. Kamar ɗinki.

Muka zauna a falo, ni da Gwamnati da Auta. Auta ta rubuta, "Ina kwana, Gwamnati?" ta danna.

Wallahi gashin jikina ya tashi. Bakina a rufe, ina jin leɓɓana a manne, amma ga ni can ina magana a kan tebur. Na kai hannu na taɓa wuyana. Babu abin da ke motsi. Kakata ta ba mu labarin mutumin da inuwarsa ta riga shi shiga gida, muka yi dariya. Yau ban yi dariya ba.

Sai dai gaisuwar ta fito kamar za ta tsaga labule. Ina kwaaana, Gwamnatiii. Kofin da ke kan faranti har da rawa.

Gwamnati ta ɗago kai ta ce, "Jirgin ina ne zai tashi?"

Auta ta toshe baki. Na ce ai murya ce mai kyau, mutane sun yi shekaru suna kama jirgi da ita. Gwamnati ta ce, "Mai kyau ce. Amma wannan mutumin da ake biya albashi ne. Ni ban aure shi ba. In ya nemi shayi a gidan nan, sai ya nuna tikiti."

Ta tashi ta shiga kicin. Na ga ba ta ɗauki komai ba, ba ta kuma fito da komai ba.

Litinin, da safe

Auta ta gano shafin yana da wata ƙofa. In mutum ba ya son karanta jimlolinsu, sai ya yi magana yadda ya ga dama, su ɗauka. Na ce to yanzu aka zo gidana. Na kore su duka, na rufe ƙofa, na zauna a ƙasa na tanƙwashe ƙafa yadda kakata ke yi.

Na ba jan ɗigon nan tatsuniyar kura da ta je neman aikin gadi a gidan tsohuwa mai awaki. Ban rage komai ba. Kura na yi ta da gurnaninta daga ƙasan ciki. Tsohuwa na yi ta da 'yar siririyar muryarta mai rawa. Akuya ma na ba ta hakkinta. Rabon da in ji daɗin bakina haka, na manta. Har na manta da baƙo, sai da ya tuna mini.

In wannan ce ajiyar, to na ajiye abu mai kyau.

Alhamis, bayan la'asar

Innalillahi.

Sabuwar muryar ta zo. Auta ta rubuta, "Don Allah miƙo mini gishiri." Farkon jimlar mutum ne. Tsakiyarta ta fara kumbura. Kafin a kai gishiri, kura ce sosai, mai yunwa. Auta ta ce bari ta gwada tambaya. Ta rubuta, "Kin sha maganinki?" Sai ga tsohuwa mai awaki tana tambayar matata cikin rawar murya. A wani wuri, na rantse, na ji akuya.

Ashe abin bai san tatsuniya ba. Bai san mutum ɗaya na iya ɗaukar kura da tsohuwa a baki guda, ya sauke su, ya koma kansa ba. Duk abin da ya ji, ya ɗauka ni ne, ya zuba a tukunya ɗaya ya dama.

Auta ta yi dariya har ta zame daga kujera. Can sai na lura dariyar ta canza, kafaɗunta ne kawai ke motsi. Na ce, "Ke, tashi, kura ba ta ci kowa ba tukuna."

Ta rubuta wa masu shafin. Nan take aka amsa, abin da ya nuna mini ba mutum ba ne, don mutum sai ya gama shan shayi. Mai amsar yana da ladabi ƙwarai. Sau uku yana cewa ya fahimci damuwata. Bayan ya gama fahimta, ya ce abin da suke bukata shi ne muryar yau da kullum, irin wadda mutum ke magana da ita a gida, kuma da ɗan yawa.

Ƙarshen wata yana matsowa.

Juma'a, da safe

Na gwada muryar gida. Ban san inda take ba.

Da zarar jan ɗigon ya kunnu, sai ƙirjina ya buɗe da kansa, tasha ta fito. In na danne tasha, kura ta leƙo. Na zauna ina kallon wayar, ita ma tana kallona. Shekara nawa ina magana, ashe ban taɓa jin yadda nake yi ba in ba kowa ke saurare.

Na ce wa Auta a rufe maganar. Bayan aiki zan riƙa rubutu a takarda, ai hannuna ba a ce za a taɓa shi ba. Ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu. Gwamnati tana tsaye a ƙofar kicin tana goge faranti ɗaya, ta goge shi har na ji tausayinsa.

Likita ma ya ce in riƙa tattalin muryar. To, na tattala.

Asabar, da safe

Tabarauna ya ɓata. Na duba ƙarƙashin matashi, na duba aljihu, na duba bayan rediyo. Na ce, "Gwamnati, ina tabarauna?" Ta ce ita ba mai gadin tabarau ba ce. Na ce a nan na ajiye shi jiya, nan, kusa da gwangwanin sukari. Ta ce in na ajiye shi a nan, to ƙafa ya yi? Muka yi ta yi. A ƙarshe a cikin firji aka same shi, kusa da madara.

Ta ce ni na sa. Ni! Na yi mata bayani tun daga farko, dalla-dalla, yadda ba ni da wata hulɗa da firjin nan tun da aka hana ni ruwan sanyi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "To sake faɗa, ban ji ba."

Na sha ruwan ɗumi. Kofi biyu.

Lahadi, da hantsi

Yau kuma Gwamnati ta ce wai ranar da na fara zuwa gidansu zance na faɗa kwata. Ban faɗa ba. Tsallakewa na yi, takalmi ɗaya ne ya zame. Ta ce har gwiwa. Na ce idon sawu. Ta ce ƙanenta yana nan da rai, a kira shi. Na ce ƙanenta a lokacin ko wando bai iya ɗaurawa ba.

Matar nan fa ta san abin da likita ya ce.

Talata, da yamma

Ban gane Gwamnati ba. Da safe abokiyar gaba, da yamma ma'aikaciyar jinya. Rana na yin tsaka, muryata na fara karcewa, sai ta sauke makamai, ta kawo zuma a cokali, ta ce, "Yi shiru haka, Malam, ka huta." Gari na wayewa kuma sai a koma fagen daga.

Yau a kan babur ne. Auta ta sa mini wata manhaja da ake sayen magani a kawo har gida. Abin mamaki, ana nuna maka taswira, ga ɗan babur kamar ƙwaro yana tafiya a kan layukan unguwa. Ina kallonsa ya wuce kwanarmu, ya nufi bayan makaranta. Na ce ya ɓata. Gwamnati ta ce hanyar ta fi sauƙi. Na ce ta ina? Ta ce ni dai ban taɓa sanin hanya ba, shi ya sa aka ba ni aikin tsayawa wuri ɗaya ina gaya wa wasu su tafi. Na ajiye kofi na zana mata unguwar nan kaf da baki, tun daga gidan mai har mahauta. Muna cikin haka mai babur ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ta bayan makarantar ya zo.

Wani abu kuma. Wayarta, wadda da sai ta kwana biyu a cikin kwandon albasa ba ta neme ta ba, yanzu tana bin ta ɗaki ɗaki. Kullum a kife, jingine da gwangwanin sukari. Na ce me ya haɗa ki da waya? Ta ce tsufa.

Laraba, da safe

Silifas ɗina ɗaya a bayan ƙofa, ɗaya a kan injin wanki.

Alhamis, da hantsi

Mai aski ya zo har gida da jakarsa, wai Gwamnati ta aika masa, kuma ta ce lallai da safe. Ya ɗaura mini ƙyalle a tsakar falo. Bai kai ga rabin kai ba ta leƙo ta ce, "Mai aski, wai yaya labarin kifin nan na famfo? Malam ya ce ƙarya kake."

Ya ajiye almakashi. "Baba, ni? Ni ne maƙaryaci?"

Na ce ban ce ƙarya ba, na ce dai kifin da zai bi ta bututun nan sai ya yi azumin shekara. Ya ce ƙarami ne. Na ce bara ka ce ya kai tafin hannu. Ya ce ai ya girma a bokiti. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na daɗe ban yi irinta ba.

Da zai tafi ya ƙi kallon idona. Ya tsaya yana ta kakkaɓe ƙyallen da ba komai a jikinsa, ya ce, "Baba, kujerarka tana nan. Ko ba ka ce komai ba, ni zan yi mana maganar." Na ce wannan ai ba sabon abu ba ne.

Asabar, da azahar

Na yi tunanin ko ruɗewa ce ta fara kama ta. Na yi tunanin ko gajiya ce. Mutum yana iya gajiya da jinya tun ba a fara ba. Akwai shafin da ake tambayar likita ta waya, na buɗe, na rubuta, "Matata ta canza," sai na goge. Me zan ce masa? Tana sa tabarau a firji?

Litinin, da safe

Yau ta taɓa inda bai kamata ba. Ta ce tatsuniyar kura da nake bayarwa, ba haka take ƙarewa ba, kakata ma ba ta iya ta ba. Na gyara mata, ta musa. Na sake, ta musa. Muryar ta fara karcewa tun lokacinta bai yi ba, ina ji, ita ma tana ji, amma ta ce, "To faɗi ƙarshen mu ji."

Sai na ce, "Ki ƙara haƙuri. Saura kaɗan ki huta da muryar gaba ɗaya."

Ban san daga ina ta fito ba. Ta dai fito.

Ta tsaya kamar an zare mata wani abu. Ta shiga kicin ta kunna famfo. Ruwa ya yi ta zuba, ba ƙarar kwano, ba ƙarar cokali. Can ta fito, ba ta kalle ni ba, ta ɗauki wayarta daga jikin gwangwanin sukari ta koma.

Ban sha ruwan ɗumi ba. Ba wanda ya dafa.

Laraba, da yamma

Gobe ne. Yau ba rigima. Tabarau a kan matashi, silifas a jere. Gidan ya yi tsit kamar tasha bayan jirgi ya tashi.

Na shirya abin da zan gaya mata. Na jera shi a kaina, na rage, na ƙara. Ba tasha, ba kura. Gobe a ƙofar ɗakin aiki zan faɗa, ya zama shi ne na ƙarshe.

Alhamis, da sassafe

Suna turo gadon. Auta ta miƙo hannu, ta ce in ba ta wannan littafi.

Lahadi, da rana

Baƙo ya tafi.

Litinin, da rana

Na buɗe baki don in ce wa ma'aikaciyar jinya sannu. Iska.

Laraba, da yamma

Abin da na faɗa a ƙofar ɗakin aiki, bari in rubuta kada in yi wa kaina ƙarya nan gaba. Gadon na tafiya, Gwamnati na bin gefe tana riƙe da ƙarfensa. Na kalle ta, duk abin da na jera ya watse. Na ce, "Ki kula da silifas ɗina, kada a ɗauke."

Shi ke nan. Mai shelar tasha ya rufe aiki da silifas.

Ta ce, "To, Malam."

Asabar, bayan la'asar

Mun dawo gida. Ina da takarda da biro a aljihu, da cokali da nake buga wa kofi in ina kira.

Cokalin na aiki fiye da kima. Ina bugawa sau ɗaya sai ga ta a tsaye, tana goge hannu, tana kallon fuskata. Da, in na yi magana daga falo, daga can take jefo mini amsa, rabinta ma baƙar magana. Yanzu dole ta bar abin da take yi, ta zo, ta sunkuya ta karanta. Kuma komai na rubuta sai ta ce to. Na rubuta mata shayin ya yi sanyi, alhali da zafinsa. Ta ce to, ta ɗauke.

Ban san wannan matar ba. A dawo mini da mai sa tabarau a firji.

Talata, da yamma

Wannan kam sai na rubuta shi.

Auta ta zo ta ajiye wayata a kan tebur. Na gane shafin tun daga launinsa. Na girgiza kai, na rubuta mata, "Na ce a rufe." Ta ce, "Baba, sau ɗaya. In ba ka so, na goge har abada." Ta rubuta wani abu ta danna.

"Wai ni wa ya taɓa mini rediyo?"

Na juya in ga wanda ya shigo.

Ba tasha ba ce. Ba kura ba ce. Wani dattijo ne mai 'yar gajiya a murya, yana jan ƙarshen magana kamar mai shirin kai ƙara, da ɗan numfashin nan kafin kalmar ƙarshe. Ban taɓa jin sa ba, amma na san shi. Auta ta sa hannu a baki. Ta ce, "Kai ne, Baba. Wallahi kai ne."

Na rubuta, "Daga ina?"

Ta nuna kicin da haɓa. "Mama ce. Kullum da safe, kafin muryar ta gaji. Ta ce in dai ka ga jan ɗigon nan ba za ka taɓa zama kanka ba, sai in an ɓata maka rai. Ni na koya mata inda za ta danna, ita kuma ta ce sauran aikin a bar mata. Da yamma in biyo in kwashe in ɗora a shafin."

Na jawo wannan littafi na koma baya. Firji. Kwata. Babur. Kifin mai aski. Gwangwanin sukari. Duk ga su nan da hannuna na rubuta, ina ta mamaki kamar baƙauye a tasha. Kakata ta ce mini in ana tatsuniya in riƙa lura da wanda ya yi shiru. Ban lura da wayar da ke kife ba.

Gwamnati ta fito da faranti. Na karɓi wayar, na rubuta da yatsa ɗaya, na danna.

"Ke kika sa mini tabarau a firji?"

Ta ajiye farantin a hankali. Ta ce, "Da wa zai sa? Kura?"

"Kwatar fa?"

"Idon sawu ne. Na sani. Ina tsaye a taga."

Auta ta ce duk abin da aka ɗauka an ɗora, ban da guda ɗaya. Na ranar Litinin ɗin nan. Mama ta sa ta goge shi a gabanta, ta ce wannan ba za a ajiye ba, ba muryar Malam ba ce.

Na daɗe ina kallon wayar. Sannan na rubuta na gode, na danna. Ta fito kamar ina ƙorafin an cika gishiri. Na rubuta wa Auta ko za a iya tausasa ta kaɗan. Gwamnati ta leƙa takardar ta ce, "A'a. Abin da na samu a gidan ke nan na kai musu."

Ta dafa ruwan ɗumi. Na sha.

Alhamis, da azahar

Abin da na shirya faɗa a ƙofar ɗakin aiki, na rubuta shi a wayar. Ban danna ba tukuna. Da wannan murya, za ta ɗauka faɗa nake nema.

Asabar, da hantsi

Auta ta jera mini jimlolin da na fi bukata a fuskar wayar, manya manya, dannawa ɗaya. Ba ta tambaye ni wacce za ta sa a sama ba.

Da safen nan ina falo, Gwamnati na kicin tana wanke-wanke, ta ba ni baya, famfo na zuba. Na nemi tabarau in duba saƙo, babu. Na shafa kujera, na shafa aljihu. Ban ko yi tunani ba, ban nemi cokali ba, na danna ta saman.

"Gwamnati, ina tabarauna?"

"Yana kan goshinka, Malam, kullum sai ka tayar wa mutane da hankali a kan abin da ke..."

Ta tsaya. Famfo ya ci gaba shi kaɗai.

Na kai hannu goshi. Yana nan.

Ta zo bakin ƙofa, kumfa har gwiwar hannu, tana kallona, tana kallon wayar. Ta ce, "Malam, ka san ban waiwayo ba? Ashe da gaske ne. Abin nan yana magana daga falo, mace ta amsa daga kicin."

Maganar nan mai aski ne ya fara gaya mini, na ce ya kula da kunnena. Likita ya maimaita, na yi shiru. Auta ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu. Wadda ta gaya mini a ƙarshe ita ce Gwamnati, a ƙofar kicin, kumfa na ɗiga daga hannunta a kan silifas ɗina.